Baƙuwar Otal a Jambiani

Aikande ta haɗa farantinta da kofin shayi za ta kai su wurin wanke-wanke, sai yarinyar da ke hidimar teburori ta tare ta.

"Mama, ajiye. Aikinmu ne."

"Hannuna lafiya lau yake, 'yata."

"Na sani. Amma in shugabana ya gani, ni zai yi wa faɗa."

Ta ajiye, ta koma ta zauna. Kwananta biyu ke nan a otal ɗin, har yanzu ba ta san abin da mutum ke yi da hannuwansa a irin wannan wuri ba. Shekarunta sittin da uku, kuma tun da aka binne mijinta wata takwas da suka wuce ba ta bar gonar ayabarsu ta Marangu ba. Ɗanta Elisante ne ya nace. Shekararsa biyar a nan Jambiani, a kan tsibiri, yana tuƙa kwalekwalen otal da ke kai Turawa kallon kifi. Ya ce ta zo ta huta kwana uku, ya kama mata ɗaki mai kallon teku.

Ya iso wajen ƙarfe tara, ba ya cikin kayan aiki. Ya gaishe ta, ya tsaya yana juya hularsa.

"Yau ba ni da aiki. Mu ɗan taka bakin ruwa."

Ruwa ya janye nesa, ya bar farin yashi da ƙananan kududdufai. Can ciki mata sun fi talatin, zaune cikin ruwa zuwa ƙugu, suna tsinke ciyawar teku daga igiyoyin da suka ɗaura a turaku. Wasu Turawa biyu na ɗaukar su hoto.

"Wahala ce zalla," in ji Aikande. "Gishiri na cin ƙafa."

Elisante ya ɗaga hannu. Wata mace ta miƙe daga cikinsu, ta matse bakin zanenta, ta gyara lulluɓi, ta nufo su a hankali. Doguwa ce, siririya. Da ta iso ta rusuna, ta kama hannun Aikande da hannu biyu.

"Ina gaisuwa, Mama."

"Mama, wannan ita ce Mwatima," in ji Elisante. "Matata ce. Shekara uku ke nan. Muna da 'ya."

Aikande ba ta zare hannunta ba, ba ta kuma riƙe ba. Ta dubi lulluɓin, ta dubi ɗanta.

"A wane coci?"

"A masallaci, Mama. Na musulunta kafin auren. A nan Salum suke kira na."

Wani yashi ya shiga takalminta. Ta sunkuya ta cire, ta kaɗe, ta mayar, don kawai ta samu abin yi.

"Ina yarinyar?"

Gidan yana bayan katangar otal-otal, inda kwalta ta ƙare. Ginin farin dutse ne, rufin kwano. An shanya ciyawar teku a ƙofar gida, warinta ya cika lungun. Mahaifiyar Mwatima, wata tsohuwa mai suna Bi Mtumwa, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo gahawa mai kanumfari. Daga bayan zanenta wata yarinya 'yar shekara biyu ke leƙe.

"Zuwena, zo ki gai da kakarki," in ji tsohuwar. "Kada ki kula ta, ba kunya ba ce, tsiya ce. Jiya ta cije ni."

Yarinyar ta fito. Goshinta faffaɗa, kunnuwa a buɗe kamar hannun tukunya. Aikande ta yi shekara arba'in tana tsokanar mijinta a kan irin kunnuwan nan. Ta kau da kai, ta dubi bango.

"Ku ba mu wuri kaɗan," ta ce.

Bi Mtumwa ta ɗauki yarinyar ta fita. Mwatima ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba, ba ta tafi ba.

"Babanka ya yi wata biyu a kwance," in ji Aikande. "Ka zo sau biyu. Ka zauna a gefen gadonsa. Ya ce maka me?"

Elisante ya sunkuyar da kai. "Ya ce yaushe zan yi aure."

"Ka ce masa me?"

"Na ce sai na shirya."

"A lokacin 'yarka tana koyon tafiya."

"Mama, dattijon coci ne. Shekara talatin yana tsayawa gaban jama'a. Likita ya ce zuciyarsa ba ta son tashin hankali. Na ce bari ya samu sauƙi tukuna."

"Kafin ciwon fa? Shekara biyu yana lafiya, yana hawa dutse yana yanko ciyawar shanu."



"Da ya yi fushi," ta ce. "Na san mijina. Da ya yi wata shida bai ɗaga wayarka ba, wataƙila shekara. Daga nan sai ya ce in haɗa ayaba da gahawa in kawo, shi ba ruwansa. Daga baya ya biyo ni. Fushin nan haƙƙinsa ne, ka hana shi. Ka kuma hana shi abin da ke bayan fushin."

Elisante ya rufe fuska da hula. Kafaɗunsa na rawa. Ba ta taɓa shi ba.

Ta juya wajen ƙofa. Hasken waje ya faɗo a gefen fuskar Mwatima, sai Aikande ta ga wani ɗan tabo a haɓarta. Ta daɗe tana kallo.

"Na taɓa ganin ki."

"E, Mama."

"A ina?"

"A Marangu. Ranar binne Baba."

Sai ta tuna. Abokan aikin Elisante sun zo daga tsibiri, maza huɗu da mace ɗaya mai lulluɓi. Mazan sun zauna a rumfa. Macen ta wuce bayan gida, ta yi kwana uku tana wanke tukwane da ruwan dutse mai sanyin ƙanƙara. Aikande ta ɗauka ma'aikaciyar kicin ce ta otal. Har ta taɓa yi mata tsawa saboda ta ɗauko tukunyar da ba ita aka ce ba. Ba ta tambayi sunanta ba.

"Ina kika bar yarinyar?"

"Wajen mahaifiyata. Ɗanki ya ce kada in zo. Na ce surukina ne ya rasu, ba zan zauna a gida ba. Ya ce to kada in yi magana. Ban yi ba. Amma da kowa ya watse, na je na tsaya a kabarin. Na faɗa masa sunan jikarsa."

Aikande ta ɗauki kofin gahawar da ya riga ya huce, ta shanye shi duka, har da ɗacin ƙasa.

"Zauna, 'yata. Kin tsaya da yawa."

Mwatima ta zauna a bakin tabarma.

"A watan Disamba za a kafa dutse a kabarin," in ji Aikande. "Dangi duka za su hallara. Za ku zo ku uku, ku shiga ta ƙofar gaba. Ke ba za ki taɓa tukunya ba. Ni zan faɗa wa 'yan'uwansa da fasto, tun kafin ku iso. Za su yi surutu, wasu ba za su ci abinci da ku ba. Ku shirya."

"Mama, na gode," in ji Elisante.

"Ba kai na yi wa ba. Ni da kai da saura, ban san yaushe ba. Kuma su kira ka abin da suka ga dama, ni Elisante na haifa."

Mwatima ta dubi rana ta ƙofa. Ta ce ruwa ya kusa dawowa, buhunanta uku na can cikin teku, in ba ta kwaso ba ya tafi da su. Elisante ya tashi ya bi ta. Bi Mtumwa ta ce ƙafarta ba ta kaiwa bakin ruwa, ta miƙa wa Aikande yarinyar, ta yafa mata wani tsohon zane saboda rana.

Zuwena ba ta yi kuka ba. Ta kama wuyan rigar Aikande, ta sa babban yatsa a baki. Nauyinta ya fi yadda take a ido.

A bakin teku rana ta take. Inuwa ɗaya ce kusa, ta itatuwan kwakwa da ke gaban otal ɗinta, inda aka ja igiya aka jera kujerun kwanciya. Aikande ta nufi can. Wani mai gadi da ba ta taɓa gani ba ya taso da sandarsa, ya yi magana cikin ladabi.

"Yi haƙuri, Mama. Nan na baƙi ne. Mutanen gari daga igiya zuwa can."

Makullin ɗakinta na cikin aljihu, da lambar otal ɗin a jiki. Ta ji shi a cinyarta. Yarinyar ta fara gyangyaɗi a kafaɗarta.

"To, ɗana," ta ce.

Ta koma baya kaɗan, ta zauna a kan yashi mai zafi wajen igiyar, ta ja zanen ta rufe kan Zuwena. Can nesa mutum biyu na tahowa da buhuna a ka, ruwa na bin su a baya.