Tururin Auta da Tabar Yaya

Shago ɗaya mahaifinsu ya bari, su kuma su biyu ne, sai aka sa falanki aka raba shi. Falankin bai kai rufi ba. A gefen dama Yaya ke sayar da taba, ba sigarin kwali ba, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganye zalla, wadda masu hali kan shinshina kafin su saya. A gefen hagu Auta ke wanki da guga.

Tabar Yaya ta fi jariri son lallaɓa. Tana zaune cikin durowar katako mai ƙofar gilashi, da ɗan soso jiƙaƙƙe a kwano, da wani abu kamar agogo mai auna laima. In iska ta bushe, ganyen ya tsage. In laima ta yi yawa, ya yi fumfuna. Auta kan ce ko amarya ba a yi mata wannan hidimar.

Da damina ta kankama, rana ta yi wuya, sai Auta ya koma shanya a cikin shago, ga dutsen gugarsa mai feshin tururi tun safe. Wata safiya yana cikin guge wando ya ji an daki falanki har igiyar shanya ta girgiza.

"Kai, Sarkin Tururi! Zo ka ga aikinka."

Auta ya zagaya. Yaya na riƙe da taba ɗaya, jikinta duk farin gashi-gashi kamar burodin da aka manta a leda.

"To ni na haife ta?" in ji Auta.

"Tururinka ne ke tsallako mini. Dubi allurar nan inda ta kai. Shago ne nan ko banɗaki?"

"Ruwan sama ma ni na saukar da shi ke nan? Kai da ke ajiye soso da ruwa a cikin durowa, sai ka ce wani ya jiƙa maka?"

"Na cire soson tun farkon damina, jahili. Ka san wanki, wanki ya san ka. Kada ka sa mini baki a abin da ya fi ƙarfin kanka."

Maganar ta kai gaban mahaifiyarsu Inna da yamma, kowa na ƙoƙarin rigan wani. Inna ta gaji da su tun ba yau ba. Ta ce Yaya ya goge kayansa tas, Auta ya rage tururi. In fumfuna ta dawo kafin damina ta wuce, Auta ya kwashe dutsen gugarsa ya nemi wani wuri.

"Inna, wane wuri? Duk masu kawo mini kaya a layin nan suke."

"Na gama magana."

Washegari Auta ya leƙa ta saman falanki. Yaya na bin tabar ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi. Wadda fumfuna ta tsaya a bayanta ya goge, wadda ta shiga ta bakinta ya jefa a kwandon shara yana tsaki. Ya shafe katakon da sifirit, ya bar ƙofar a buɗe ta sha iska, sannan ya jera sauran da tazara a tsakani.

"Ka gama leƙen?" Yaya ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Ka fara ɗaure kayanka, ya fi maka."

Abin ya tsaya wa Auta a rai. Rage tururi dai ba zai yiwu ba, ba a guga da fatar baki. Kuma wai shi ne bai san fumfuna ba? Shi da ya ceci riguna nawa daga bakinta? Kowane akwatin kayan da ke shagonsa akwai ƙwallayen kafur a ciki, farare tas, kuma bai taɓa ganin wani abu ya taɓa su ba.

Ranar da Yaya ya tafi biyan kuɗin kaya da azahar, Auta ya ɗauki makullin durowar a kan ƙusar da ke bayan ƙofa. Ya ƙulla kafur a 'yan tsummoki, ya cusa can bayan kowane layi inda ido ba ya kaiwa, ya rufe durowar ruf. Ya koma kan gugarsa har da 'yar waƙa.

Yaya ba ya buɗe durowa sai da dalili, don kada iskar waje ta shiga. Ta gilashi yake duba allura. Kwanaki suka wuce ana ruwa, mai saye bai leƙo ba, fumfuna ma ba ta leƙo ba. Auta ya fara ɗaga murya in yana gaisawa da mutane.

Sai ga wani tsohon lauya, wanda ya fi kowa saye a wurin Yaya. Auta ya ji ƙarar makulli, sannan ya ji tari.

"Wannan taba ce ko akwatin kakata?" in ji lauyan. Bai jira amsa ba, ƙarar takalminsa ta yi waje.

Wannan karon ba a daki falanki ba. Yaya ya zagayo da kansa, ya zube ƙullin kafur a kan teburin guga, ya ajiye taba ɗaya a gefensu.

"Shinshina."

"Yaya, ai maganin fumfuna ne. Ko a kayan..."

"Na ce ka shinshina!"

Auta ya kai hanci. Babu ƙamshin ganye ko kaɗan, sai kafur har cikin maƙogwaro.

"A shanya ta mana, zai fita."

"Riga ce? Ganye ya sha, katako ya sha. Fumfuna ta ci mini kaɗan ta bar saura. Kai ba ka bar ko ɗaya ba."

"Wallahi ba da mugunta..."

"Da mugunta ce ma da na san da maƙiyi nake zaune."

Inna ta zo da kanta, ta ce a zauna a yi magana. Yaya ya ce babu abin zama. Sharaɗi fumfuna ne, kuma fumfuna ba ta dawo ba, Auta ya ci. Yaya ya kira mai kura aka fitar da kujera da teburi. Durowar kuwa ya ce a bar wa mai wanki, ta dace da kayansa.

Auta ya biyo shi har bakin titi. "Yaya, tsaya mana. Ni zan tashi. Gobe ma in ka ce."

Yaya ya zare makullin gefensa daga zobe, ya sake shi a ƙasa gaban ƙafar Auta, ya ce:

"Malam, matsa mini, kura za ta wuce."