Jinin da Mis Odessa Ta Kawo

Aikina a asibitin nan na birnin Memphis ɗibar jini ne, kuma ban taɓa ganin mai murnar allura kamar Mis Odessa Tillman ba. Lufus ke damunta, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta ci mai ita.

Dakta Whitlock yana binciken wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa a jini, maikro-RNA, da yake zaton su ke zuga garkuwar ko su lallashe ta. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba linzami. Wata rana a gabanta ya yi tsaki.

"Kowa ya samu sauƙi. Jinin wanda ciwonsa ya tashi nake nema, na rasa."

"To Dakta, addu'a za mu yi mu kwanta?" in ji ta, aka yi dariya.

Ashe ta riƙe maganar. Tun da ciwon ya raba ta da aikin girki a makaranta, ba wanda ya nemi komai a wurinta sai binciken nan. Ta daina shan magani, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da ta dawo, ƙafafunta ba sa shiga takalmi, fuska ta yi suntum. Ta miƙo min hannu.

"Ɗebi, 'yar nan. Yau kam na kawo masa mai kyau."

Na ɗiba, na kira likitan ƙoda. An makara, ƙodar ta tafi. Yanzu na'ura ke wanke mata jini, kuma a haka za ta ƙare.

Dokar binciken kuwa ta ce duk wanda ya bar magani da kansa, an cire shi. Dakta Whitlock ya sha kukansa a ofis, sannan ya sa hannu a takardar cire ta. Ni aka ba kwalaben jininta in zubar, har da na baya. Na ji haushin Dakta, kuma har yau ban huce ba.

Na je gaishe ta a ɗakin wankin ƙoda. Ta rame, an lulluɓe ta da bargo.

"Lavonne, Dakta ya ga abin da yake nema?"

"Suna dubawa, Mis Odessa."

Ta gyaɗa kai, ta lumshe ido.

"Ki ce masa kada ya ji nauyina. In bai isa ba, akwai saura."