Sandar gwanjo mai nauyin kai

Nazir ɗina ya shiga wasa jiya, kuma ba wanda ya roƙa masa.

Bara ya faɗo daga katanga ya karye a hannun dama. Ɗori ya yi kyau, amma hannun ya rame, ba ƙarfi. Yaran unguwarmu kuwa in an taso lakwal, sun ajiye littattafai, wasansu guda ne: a ajiye ƙwallon goruba a ƙasa, a buga da sanda, ɓangaren da tasu ta fi nisa su suka ci. Nazir in ya buga, ko bakin kwata ba ta kaiwa. Sai suka daina zaɓarsa. Kullum yana tsaye ƙofar gida, ni ina daka ina leƙensa, raina ba daɗi.

Ran Alhamis babansa ya dawo kasuwa da wata sandar ƙarfe daga wajen 'yan gwanjo, doguwa, siririya, kanta kamar ƙafar agwagwa. Wai don tsinko lemo ya saye ta. Ƙanwata Raudatu, mai karatu a lise, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce sandar golf ce, wasan nan da ake nunawa a tele. Ta ce a ba Nazir.

Babansa ya jinjina ta, ya ce kan ya yi wa hannun yaro nauyi, ya ɗauko zarto zai cire.

"Yaya, in ka yanke kan, ka yanke ƙarfin," in ji Raudatu.

Ta yi mana bayani, wani na gane, wani ya wuce ni. Wai tsawon sandar ne ke sa kan ya iso da gudu, nauyin kan kuma shi ke tura goruba, fuskar kan da ta karkace ita ke ɗaga ta sama. Ni dai na ce kamar taɓarya kenan, ba dannawa ake ba, saki ake. Ta ce, "Kusan haka, Kulu."

Kwana da kwanaki yana koyo a tsakar gida, har randata ya tsaga.

Jiya ya fita. Na bi shi da goyo, na laɓe jikin katanga. Ya ɗaga, ya saki. Goruba ta tashi ta tsallake rumfar mai shayi.

Ɗan'azumi, babba cikin yaran, ya ce sandar ce ta buga, ba shi ba. Nazir ya miƙa masa. Ɗan'azumi ya taƙarƙare ya zabga da ƙarfi, ƙasa kawai ya kwasa, goruba tana nan zaune. Ya sake, ta gangara gefe. Yara na ta dariya.

Ya sosa kai, ya mayar da sandar, ya ce, "Ƙanena, ɓangarena kake."

Na koma gida da gudu, ashe miya ta kama.