Fure na Huɗu

Duk ranar Laraba, da an gama tsayuwar shirun ƙarfe tara na safe ta tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, Trohim Hnatovich yakan mayar da hularsa ka, ya gangara rumfar Zinaida da ke bakin tashar bas, ya sayi jan fure guda uku. Ba ciniki, ba hira. Ya koma gida ya zubar da tsohon ruwan kwalba, ya zuba sabo, ya tsoma furannin ya ɗora a tagar ɗakin ɗansa Ostap. Shekara uku ke nan yana haka, tun lokacin da takarda ta zo daga rundunarsu cewa an nemi Ostap an rasa a bakin daga. Ba a ce ya mutu ba. An dai ce ba a gan shi ba, tsohon kuwa ya riƙe wannan magana da hannu bibbiyu.

Ko ƙaramin yaro a garin ya san mai rai ana ba shi fure ɗaya ne, ko uku, ko biyar. Biyu da huɗu da shida na kabari ne. Shi ya sa Zinaida ba ta taɓa tambayarsa guda nawa ba, da ta hango hularsa take ƙirga uku ta ɗaure da zare.

Sau biyu Larisa ta ofishin magajin gari tana zuwa gidansa da takardu. Ta yi masa bayani cikin ladabi, cewa in ya yarda aka je kotu aka tabbatar da rasuwar, za a kafa hoton Ostap a dandali, cikin jerin 'yan garin da suka faɗi a yaƙi. Zuwan farko ya ba ta shayi da zuma. Zuwa na biyu ya buɗe mata ƙofa ya ce ta gaida magajin gari, ta kuma shaida masa cewa shi bai saba binne mutumin da bai ga gawarsa ba. Matarsa Odarka ta rasu a hunturu na biyu bayan ɓatan Ostap. Tun daga nan tukunyar miyar borsh ɗaya ke kai shi kwana huɗu, kuma rediyo kaɗai yake yi wa musu. Kaɗaici ya ci shi ya cinye, amma in ka faɗa masa haka sai kun ɓata.

A wannan shekarar, ranar tunawa da masu tsaron ƙasa, ɗaya ga Oktoba, ta faɗo a Laraba. Zinaida na gida, gwiwoyi sun kwantar da ita, sai 'yarta Solomiya a rumfar. Solomiya ta yi shekara biyar tana aiki a wani katafaren kanti a Poland, ta dawo da ilimin kasuwa fal ciki, kuma ba ta da rowarsa. Wai dole ka kira mai saye da sunansa. Wai in ka ba mutum ƙari ɗaya, ka saye shi shekara guda. Wai zare ɗaurin ƙauye ne, fure sai da takarda mai kyau. Ta yi wa rumfar sabon fenti, ta sayo takardar naɗi mai ruwan shuɗi da rawaya, ta kafa allo da manyan baƙaƙe: a sayi uku, na huɗu kyauta, don jarumanmu. Uwarta ta ce mata shekara talatin tana sayar da fure ba ta taɓa buƙatar allo ba, ita kuwa ta ce ai shi ya sa har yau rumfar ba ta zama kanti ba.

Dabarar ta ci, a gaskiya. Ranar kowa dandali ya nufa, kowa huɗu yake so, layi har bakin kantin burodi. Trohim ya bi layin yana tsaki. Ya baro tabarau a gida, allon nan bai ga komai a jikinsa ba sai dishi-dishi.

"Kawu Trohim, kun rame fa," in ji Solomiya, hannunta na ta naɗi. "Ku riƙa fitowa cikin mutane. Zaman ɗaki ba ya ƙara wa kowa kwana."

"Ke dai ba ni furena. Likita ina da shi a asibiti."

Ta yi dariya, ta miƙa masa ƙunshin, ta juya wajen na bayansa. Tare suka yi makaranta da Ostap, ta kuma san labarinsa sarai. Amma tun asuba hannunta huɗu-huɗu yake ɗauka, bai tsaya ya tambayi kanta ba.

Da ya isa gida ya yage takardar yana mitar ɓarnar kuɗi, ya tsoma furannin a kwalba, ya ɗora a taga. Ya dafa shayi ya zauna a bakin gadon Ostap kamar yadda ya saba, yana ba shi labarin mako: tuffar bayan gida ta yi 'ya'ya har reshe ya karye, maƙwabci ya sayar da akuyarsa, 'yar Zinaida ta dawo da baki kamar rediyo. Sai da ya shanye shayin ya ɗauko tabarau zai duba wayarsa, wadda ba ya bari cajinta ya mutu ko da wasa, sannan idonsa ya kai kan taga.

Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa da yatsa. Huɗu.

Ya miƙe a fusace, har kofi ya kife a kan bargo, yana zagin Solomiya da Poland da wanda ya ƙirƙiro takardar naɗi. Abin ai mai sauƙi ne, ya zare ɗaya ya jefa a shara, shi ke nan. Ya kai hannu ya kama kara ɗaya. Hannun ya ƙi ja.

Ya daɗe a tsaye a haka. Awa guda cur furannin nan suka yi a ɗakin, shi yana zaune yana zuba surutu, rufin gida bai rufto ba, agogo bai tsaya ba. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, a ƙarƙashin fushin nan ya ji wani abu ya sassauta a ƙirjinsa, irin na wanda ya daɗe da kaya a ka wani ya zo ya kama masa. Kunya ta rufe shi. Ya gaji, gaskiyar ke nan. Ya gaji da zabura duk sanda waya ta yi ƙara, ya gaji da kallon hotunan fursunonin da aka sako yana neman kunnen ɗansa a cikin ƙasusuwan fuskokin 'ya'yan wasu. Shekara uku ba wanda ya iya faɗa masa maganar a fili, shi ma bai iya faɗa wa kansa ba, sai ga hannun mai talla ya faɗe ta ba da niyya ba.

"Ka yafe mini, ɗana," ya ce da gadon. Ya zaro furannin duka, ruwa na ɗiga a hannun rigarsa, ya fita ko ƙofa bai kulle ba.

Dandali ya cika. Hotuna arba'in da 'yan kai a jere a kan sandunan ƙarfe, kowanne da tuta da tarin fure a gindinsa, iyaye da matan aure a tsaye kowa gaban nasa. Larisa ta fara karanta sunaye a lasifika, bayan kowane suna a kaɗa ƙararrawa. Mutane suka riƙa matsa masa yana wucewa. Wasu suka dubi hannunsa, suka ƙirga, suka sunkuyar da kai. Ya bi jerin har ƙarshe, ya tsaya bayan hoto na ƙarshe, inda babu komai sai daɓen siminti.

Nan Solomiya ta same shi, tana haki, ko rigar aikinta ba ta cire ba. Ashe uwarta ce ta kira ta a waya ta tambaya ko Trohim ya zo, nawa kuma aka ba shi. Solomiya ta rufe rumfa da mutane a layi, ta je gidansa ba ta same shi ba.

"Kawu Trohim, don Allah ku yi haƙuri, wallahi hannuna ne," ta ce. "Ku kawo ɗayan. Ku kawo in mayar."

Ta miƙo hannu. Ya janye furannin ya manna a ƙirji.

"Bar su, 'yata. Ƙirgenki daidai ne."

Ta toshe baki da tafin hannu, ta ja baya. Shi kuwa ya duba ƙasa, ya duba gefe, ya rasa inda zai ajiye su. Don haka ya ci gaba da riƙe su, hula a ɗaya hannun, yana sauraro har Larisa ta kai suna na ƙarshe ta naɗe takardarta. Babu sunan Ostap a ciki.