Sa Hannun Iyatu

Shekara shida ke nan ina duba tireloli a kamfanin Alhaji Tambari, amma har yau direbobi ba su iya sunana ba, Madam Sefti suke ce mini. Aikina in zagaya mota kafin ta bar gareji, in duba birki da fitilu da tayoyi, in sa hannu a takarda cewa lafiyarta ƙalau. In babu wannan takarda maigadi ba ya buɗe ƙofa, 'yan inshora kuma ba su san da zaman motar ba.

Da na fara aiki zafin kai gare ni. Mota uku na hana fita a satin farko. Alhaji ya kira ni ofishinsa na Sama Road, ya ba ni lemo mai sanyi, ya tambaye ni ko na san yawan matan da ke tuƙa tuwo da digiri a garin nan. Na gane karatun, don marayu uku ne a gabana. Tun daga ranar nake sa hannu ina kau da kai. A takardar akwai ma layin da ya ce ba a ɗauki mutane a kan kaya ba. Gaskiya ne a bakin ƙofa, sai an sha kwana masu kayan su ɗare kan buhunansu. Na sani, Alhaji ya sani, kuma kullum haushin kaina nake ji.

Wata Talata a watan Maris, zafi ya fara tun da hantsi, na zo kan motar wani direbanmu, Muntari. An cika ta da albasa za ta Fatakwal. Tayar gaba ta dama ce ta tsayar da ni. Shekararta tara, zanenta ya cinye, mai faci ya bi ta da wuƙa mai zafi ya fitar mata da sabo. Daga nesa amarya ce, sai ka matso ka ga tsohuwa ce ta sha lalle. Tayar baya in ta fashe ana iya rarrafawa a tsaya. Ta gaba kuwa, sitiyari ya gama aiki.

"Madam, tayag ga so huɗu tana kai ni Hwatakwal," in ji Muntari yana sakace. "Mutuwa ba ga taya take ba, ga kwana take."

Na saba jin wannan wa'azi daga bakin mutanen da ba sa tsallake ko kwata sai sun duba ƙasa. Na ciro biro ke nan na ji an kira ni da sunan gida.

Mahaifina ne, Malam Maccido, tun daga Kwalkwalawa, da buta a hannu da bargo a kafaɗa.

"Baba, mi yak kawo ka nan?"

"Albasata na cikin wagga mota, buhu arba'in. Bana da kaina ni ka bin ta, dillalai sun ishe ni." Ya yi murmushi. "Anka ce in kai ta tasha, nic ce a'a, sai wadda ɗiyata tad duba. Dut Kwalkwalawa an san motad da kinka sa ma hannu ba ta hwaɗuwa."

Kunya ta rufe ni har ƙafa. Ashe shekara shida uban wasu nake ɗorawa a kan irin wannan taya, su kuma suna hawa da sunana a bakinsu. Na mayar da biro cikin jaka.

Muntari ya buga wa Alhaji waya, Alhaji ya bugo mini. Ya ce sabuwar taya sai Juma'a za ta iso daga Kano, in sa hannu ko in fara tunanin inda zan kai takarduna. Na ce ba zan sa ba.

Baba kuwa sai ya hau alfahari a gaban sauran masu albasar. "Kun gani? Ko Alhajin ba ta tsoro!"

Alfaharin bai kai azahar ba. Albasa ba ta san Juma'a ba, kwana uku a ƙarƙashin tamfol cikin zafin Sakkwato sai dai a kwashe ta da shebur. Masu kaya suka yi shawara, suka kira 'yan dako, aka sauke buhunan aka nufi tasha da su. A can babu Madam Sefti, babu takarda, babu mai tambaya.

Na hau kabu-kabu na bi su. Motar da suka samu ta girme ni. Ta karkace gefe guda saboda lodi, tayoyin gabanta duka biyun waya ta leƙo. Da a ce ta Muntari aka ajiye kusa da ita, da na rungumi ta Muntari. Ni da hannuna na sauke mahaifina daga mota mai taya ɗaya mara kyau, na kawo shi nan.

Ya riga ya hau can ƙololuwa, shi da mutum goma sha. Na roƙe shi ya sauko, na ce zan nemo wanda zai bi masa kayan.

"Noman shekara ɗai na, Iyatu. In ban bi shi ba, wa ka bi?"

Mutane suna kallonmu. Na san Baba, ba zai taɓa saukowa a gaban maza don 'yarsa ta ce ba. Direba ya tayar da inji, hayaƙi ya turnuƙe. Sai na ga hannunsa ya damƙe igiyar da aka ɗaure buhunan da ita, damƙa ta mai tsoro. Bai taɓa hawa kan kaya ba a rayuwarsa, ga tafiyar kwana biyu a gabansa.

Ya sunkuyo yana ɗaga murya don in ji.

"Wagga hwa, kin duba ta?"

Na sake kallon tayoyin, na kalle shi.

"Na duba, Baba. Lahiya lau take."

Ya saki ajiyar zuciya, ya juya yana faɗa wa na kusa da shi, su ma suka gyara zama. Motar ta ja.