Afuwa ga Wadda Ta Riga Ta Biya

Babu hukumar da ta kai hukumar fanshonmu tausayin talaka. Idan ambaliya ta cinye maka gida, ita ce ke fara miƙo maka rance, kuma ba ta mantawa da sunanka har ka tsufa.

Yayata, Ate Soling, tun tana budurwa take ɗinka takalma a wata masana'anta a garin Marikina. Shekarar da kogi ya shigo mana har kan gado, ta karɓi rancen peso dubu ashirin. Wata-wata aka riƙa yanka a albashinta har aka gama. Bana ta cika sittin, ta je neman kuɗin sallamarta, aka ce ko sisi ba ta biya ba, kuma bashin ya yi 'ya'ya da jikoki, ya kai dubu casa'in.

Kuɗin sallamar nan akwai abin da ke jiran su. Bana unguwa ta zaɓe ta ta ɗauki nauyin bikin San Isidro, waliyyin cocinmu: furanni, 'yan badujala, gasasshen alade. Rabin rayuwarta tana jiran layi ya zo kanta. 'Yarta Jovelyn ma, mai aikatau a Hong Kong, ta tara kuɗin jirgi za ta zo.

Ni na raka ta ofis. Ma'aikacin yaro ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa mutum ya so ya mari wani. Nanay yake ce mata, wato Mama.

"Nanay, kwamfuta ba ta nuna kin biya ba."

"Kwamfutar ce ta yi zaman ɗinkin? Ta ga bayana?"

"Ki kawo takardun albashi."

"Ruwa ya tafi da su. Ruwan da ya zo bayan wanda kuka ba ni rance a kansa."

"To, takarda daga masana'anta."

"An rufe ta! Mai ita yana Kanada yana shan iska da kuɗina. Ko kai za ka biya min jirgi?"

Yaron ya yi murmushi, ya ce ai Nanay ta taki sa'a, ana cikin watan afuwa. Idan ta biya uwar kuɗin, dubu ashirin, gwamnati za ta yafe mata tarar, a saki sallamarta kafin biki. Idan kuwa ta ce sai an bincika, ba laifi, haƙƙinta ne, amma ba za a saki komai ba sai an gama binciken.

"Yaushe ake gamawa?"

"Akwai wani dattijo da aka gama nasa bara. Matarsa ce ta zo ta karɓa."

Ate Soling ta miƙe tsaye. "Ku ne za ku yafe min? An yi min sata, kun tsaya kuna kallo, yanzu ɓarauniyar ce ni, har da afuwa? Ɗan nan, takalmin da ke ƙafarka wataƙila ni na ɗinka shi. Cire ka ba ni!"

Mai gadi ya raka mu waje cikin girmamawa.

Ta koma, ta sake komawa. Kullum da laimarta da gorar ruwa, kullum sai ta zage su tas, mutanen layi na tafa mata. Mai alade ya fara aiko yana tambayar kafin alƙalami. Matan coci suka fara raɗa cewa ko a ba wa wata nauyin bikin, tunda abin ya fi ƙarfin Soling. Na ce mata ta biya kawai, ta huta.

"Kai ma? Karatunka na jami'a abin da ya koya maka ke nan, a cuce ka ka ce na gode? Gara biki ya wuce ni."

Jovelyn ta kira ni ranar Lahadi, ranar hutunta. Tito take ce min, wato Kawu.

"Tito, da gaske ne kowa zai iya biya idan yana da lambar fanshon Nanay?"

"Da gaske ne. Uwarki ta ji, sai ta cinye mu ɗanye."

"Wa zai faɗa mata? Turo min."

Ba a yi mako biyu ba saƙo ya shigo wayar Ate Soling: babu bashi a kanta, an amince da sallamarta. Ta zagaya unguwa gida-gida tana nuna wa mutane. "Kun gani? Ko sisi ban ƙara musu ba. Gwamnati ma in ka tsaya mata, tsoro take ji."

An yi biki, alade biyu ma aka gasa. Ate Soling ta shige gaban 'yan badujala da sabuwar riga, tana gaya wa duk mai tambaya cewa uwar ɗakin Jovelyn ce ta hana ta hutu, muguwar mata. Ni kuma, da na san inda kuɗin jirgin ya tafi, na ɗaga waya sama don Jovelyn ta gani ta bidiyo. Tana zaune a kan kwali ƙarƙashin gadar da 'yan aikatau ke taruwa a Hong Kong, da robar shinkafa a cinyarta.

"Tito, matsa gaba kaɗan," in ji ta. "Ba na ganin Nanay."