Malam Enoch da Tafiyar Maraɗi

A shekarar da fari ya koro makiyaya daga arewa suka cika bakin dajin Birnin Gwari da bukkoki, akwai malamai biyu a makarantar sakandaren garin waɗanda ba sa shiri ko kaɗan. Ɗaya shi ne Malam Isiyaku, mutumin Kuyello, wanda ya daɗe yana koyar da labarin ƙasa tun makarantar ba ta da rufin kwano. Ɗayan kuwa Malam Enoch ne, ɗan Kazage, matashi da ya dawo daga kwas a Zariya, aka karɓe ajin ƙarshe daga hannun Isiyaku aka ba shi. Tun daga nan gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa, daga baya ɗaga hannun ma ya tsaya.

Ana cikin haka sai Ma'aikatar Ilimi a Kaduna ta yarda makarantar ta kai 'yan ajin ƙarshe wata ƙasa maƙwabciya a lokacin hutu, don su ga da idonsu abin da suke karantawa. Hedimasta, Malam Abdulsalam, dattijo ne mai gudun fitina. Ya kira malaman biyu ofishinsa ya gaya musu, ya kuma tambaye su inda ya kamata a je.

"Ranka ya daɗe, Nijar," in ji Enoch tun kafin Hedimasta ya rufe baki. "Mu bi ta Funtuwa da Katsina mu tsallaka a Jibiya. Mu kwana Maraɗi, sannan mu ƙara gaba har inda tudun rairayi ya fara. Kullum yaran nan suna tambayata abin da ya koro mutane da shanunsu zuwa dajinmu. Gara su gani."

Isiyaku ya yi wata dariya marar daɗi. "Yaron da bai taɓa ganin teku ba, shi za a kai ya kalli rairayi? A kai su Kwatano su ga jirgin ruwa. Amma na manta, yanzu masu sabon ilimi ne ke magana."

"Ni dai ajina ne, Malam."

"Ajinka. Haka ne."

Hedimasta ya zaɓi Nijar saboda ta fi kusa, kuma Hausa za ta wadatar a can. Don kada ran Isiyaku ya ɓaci, sai ya ɗora masa neman mota, ya bar wa Enoch sauran shirin. Yana ganin ya raba aiki daidai. Isiyaku ya tashi ya fita ba tare da ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba.

Enoch ya duƙufa. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna a bayan motocin itace, yana kwana gidan wani abokinsa, har ya samo takardar da za a nuna a bakin iyaka. Ya kai yara asibiti aka yi musu allurar rigakafi, wasu suka yi kwanaki hannu a kumbure. Ta hannun wani ɗan kasuwar kanwa da ke zuwa Maraɗi ya sami wata makaranta a can da ta yarda yara su kwana a azuzuwanta. Ya zana taswirar hanyar a babban allo, kowace safiya yara suna taruwa suna bin layin da yatsa.

Duk lokacin da ya tambayi maganar mota, Isiyaku ba ya ko ɗaga kai daga abin da yake yi. "Ana nema," shi ke nan.

Abin da Enoch bai sani ba shi ne, Isiyaku yana da bakin magana a garin fiye da shi. Ya koyar da 'ya'yan rabin mutanen kasuwa. In ya zauna wajen mai shayi ko ƙofar wani uban yara, ba ya cewa kada a je. Sai dai ya girgiza kai ya ce, ai ya ji can ko ruwan sha sai an yi dambe, kuma shi dai bai san yadda yaro ɗan jiya zai iya riƙe 'ya'yan mutane a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Kafin a jima maganar ta zagaye gari ta dawo da ƙari. Har aka ce sojan Faransa na kama duk wanda ya tsallaka.

Da ƙorafi ya yi yawa, Hedimasta ya kira taron iyaye ranar Asabar da hantsi. Aka cika babban aji har wasu suna leƙe ta taga. Enoch ya tsaya gaban taswirarsa ya fara bayani, amma ba su bar shi ya yi nisa ba.

"Wa zai ba su ruwa?"

"In mota ta lalace a daji fa?"

"Kai ka taɓa zuwa?"

Ya amsa abin da zai iya. Ya ce za a ɗauki durom na ruwa da buhun gari, kuma masauki yana nan an shirya. Da aka sake tambayarsa ko ya taɓa zuwa, ya ce bai taɓa ba. Aka yi wata irin hayaniya. Isiyaku yana zaune can baya ya harɗe hannuwa.

Sai Enoch ya hango Bakoji. Bakoji makiyayi ne da ya daɗe da kafa ruga a gefen dajin, ɗansa yana cikin ajin, kuma kowa ya san yana da dangi a hayin iyaka. Enoch ya ɗauka ya sami mai tsaya masa.

"Ga Bappa Bakoji nan," ya ce. "Shi ya san ƙasar. Bappa, don Allah gaya musu ba abin tsoro ba ne."

Bakoji ya miƙe a hankali, ya dogara da sandarsa. Bai dubi jama'a ba, sai Enoch.

"Malam, me za ka kai su su gani?"

"Yadda ƙasa take bushewa, Bappa. Yadda rairayi..."

"Ƙanena yana rugata yanzu haka. Ya bar can da garke, ya iso nan da shanun da ba su kai yatsun hannu ba. Ya binne 'yarsa a hanya, ko dutse bai samu ya ɗora ba. Har yau ba ya cin abinci sai an matsa masa. Mu muna gudowa, kai kuma za ka cika mota da yara masu fararen riguna ku je kallo? Ku tsaya ku nuna gawar saniya da yatsa, ku rubuta, ku hau mota ku dawo ku ci tuwo?"

Shi Enoch a ransa bai taɓa ɗaukar abin a matsayin kallo ba, amma da ya ji shi daga bakin Bakoji sai kunya ta rufe shi, kunyar kuma ta zama haushi.

"Ba kallo ba ne, karatu ne," ya ce da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. "In ba a karanta ba, ta yaya za a gane?"

"To ka karanta da 'ya'yan wasu. Nawa ba zai je ba."

Bakoji ya fita, mutane da dama suka bi bayansa. Waɗanda suka rage suka yarda da kyar, bisa sharaɗin su ga motar da idonsu kafin ranar tafiya.

Da ranar kasuwa ta zo, Enoch ya gaji da jira, ya tafi tasha da kansa. Mota ɗaya ce a garin da za ta iya wannan doguwar hanya, ta Alhaji Maiturare, babbar lori mai benci a baya. Ya same shi zaune a inuwar rumfa ana loda masa buhunan masara.

"Alhaji, na zo maganar motar makaranta."

Maiturare ya dube shi da mamaki. "Wace magana kuma? Ai Malam Isiyaku ya zo tun tuni ya ce an fasa. Na riga na yi wa mutanen Kuyello alkawarin kwasar masara duk satin nan da na gaba."

"Ya ce an fasa?"

"Da bakinsa. Ya ce iyaye sun ƙi. Ga shi can ma, tambaye shi."

Isiyaku yana tsallaken hanya wajen mai gyaran keke. Enoch bai san lokacin da ya tsallaka ba.

"Malam Isiyaku, wa ya ce maka an fasa?"

Isiyaku ya juyo a natse. "Ka ga taron da idonka. Na hutar da Alhaji ne kawai."

"Tun kafin taron ka zo nan. Alhaji ya ce tun tuni."

"To na riga ka ganin abin da zai faru. Laifi ne? Kai da ka je Zariya ka dawo kana ganin kowa jahili ne, ga shi ɗan daji ya kunyata ka gaban mutane."

"Munafuki ne kai."

"Ni? Lokacin da nake koyar da labarin ƙasa kana bin uwarka gona ba wando."

Enoch ya cafki wuyan rigarsa. Isiyaku ya kai masa hannu, hular Isiyakun ta faɗi cikin kwata. Suka yi ta kokawa suna tuntuɓe da kekuna har 'yan kamasho suka shiga tsakani suka ɓamɓare su. Rigar Isiyaku ta yage daga wuya zuwa ƙirji, leɓen Enoch yana jini. Ranar kasuwa ce, kuma cikin masu kallo akwai ɗalibansu da iyayen ɗalibansu.

Kafin azahar labari ya riga su isa makaranta. Hedimasta bai ce su zauna ba. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar har masu wucewa a waje suna ji.

"Malamai biyu, a tasha, kamar 'yan dako! Malam Isiyaku, na ba ka aiki ka je ka rushe shi a ɓoye. Da girmanka. Kai kuma Malam Enoch, ka ɗaga hannu ga wanda ya girme ka a gaban yaran da kake so in ba ka ka kai wata ƙasa. Wane uba ne zai ba ka ɗansa yanzu?"

"Ranka ya daɗe, shi ne ya..."

"Ban tambaye ka ba. Tafiya tana nan, don na riga na gaya wa Kaduna za a yi. Amma ba ɗayanku da zai taka motar nan. Ni zan kai su. Malam Enoch, kawo mini duk takardun da ka samo."

Enoch ya je gida ya kwaso su ya ajiye a kan tebur. Isiyaku yana tsaye a bakin ƙofa da yagaggiyar rigarsa, kuma duk da faɗan da aka yi masa, fuskarsa ta nuna ya sami abin da yake so.

Hedimasta ya je da kansa ya roƙi Maiturare, shi kuma ya ba mutanen Kuyello haƙuri ya saki motar. Ranar tafiya bencin baya bai ko cika rabi ba, don bayan abin da ya faru a tasha wasu iyayen sun ƙara janye 'ya'yansu. Enoch bai fito ba. Daga cikin ɗakinsa ya ji ƙarar injin da waƙar yara har ta ɓace a hanyar Funtuwa.

Sun dawo tun kafin ranar da aka tsara. Da yamma wata ɗaliba mai suna Furera, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta zo wucewa ta gaban gidan malamai. Enoch ya kira ta. Ta durƙusa ta gaishe shi tana waige-waige.

"Kun kai inda rairayin yake?"

"A'a, Malam. A Maraɗi muka tsaya. Da muka fita bayan gari muka tarar da mutane da yawa zaune a fili, ba rumfa ba komai. Suka taso suka kewaye motar. Hedimasta ya ce a sauke musu garin da ruwan duka. Daga nan ya ce wa direba ya juya."

"Ba ku rubuta komai ba?"

"Ba wanda ya iya, Malam." Ta sake waigawa. "Kuma Hedimasta ya ce kada mu yi maganar tafiyar da kai ko da Malam Isiyaku. Ya ce shi zai yi mana darasin da kansa."

Ta tashi ta tafi da sauri.

Da aka koma makaranta Enoch ya nemi a canja masa wurin aiki. Hedimasta bai hana shi ba, bai kuma roƙe shi ya zauna ba. Canjin ya zo da farkon damina, aka tura shi wata makaranta can kudancin jihar. Malamai suka haɗa masa ɗan shayin sallama a ofis, Isiyaku ya aiko cewa kansa na ciwo. Shi Isiyaku ya ci gaba da zama a makarantar har ya yi ritaya, kuma duk tsawon zamanin Malam Abdulsalam ba a sake kai ɗalibai ko'ina ba da ya wuce Kaduna.